Magana Ya Kare

A bakin kasuwar hatsi ta Potiskum suka fara haɗuwa, wata Asabar da hantsi, kuma ba gaisuwa ce ta kai Sa'adiya wurin ba.

Yara da 'yan Keke Napep sun yi da'ira. A tsakiyarsu wani tsoho ne mai farin gemu, sanye da babbar riga da ta sha wanki, yana taya buhun gero. Wani matashi yana ɗaukarsa da waya. Tsohon ya tura hularsa gaba, ya buga sanda a ƙasa, ya ce, "Magana ya kare!" Sannan ya saki wata 'yar rawa da kafaɗu. Wurin ya kece da dariya, wasu yaran har da haushi irin na kare.

Sa'adiya ta ratsa taron, ta tsaya daidai gaban wayar.

"Malama, ɗauka muke yi," in ji mai wayar.

"Na gani. Da tsohon nan nake son magana."

Tsohon ya karkata kai, ya ce da muryarsa ta wasa, "Yarinya, me ya kawo ka?"

"Ka ajiye muryar nan," ta ce. "Ba taka ba ce. Ta mahaifina ce."

Dariyar ta ɗauke. Tsohon ya miƙe, sai ga shi dogo. Ya kai hannu zai cire gemun, gam ɗin ya riƙe, gemun ya yage biyu. Ƙarƙashinsa fuskar saurayi ce, wankan tarwaɗa, da idanun da suka rasa inda za su duba.

Kowa a garin ya san shi. Abdulrahim ne, ɗan gidan wasu Kanawa masu sayar da atamfa a Dogo Nini. Da rawa ya fara a wuraren biki, ya ɗan fito a finafinan Kano, amma abin da ya yi masa suna shi ne wannan tsohon da ya ƙirƙira, Baba Yakare.

"Wane ne mahaifinki?" ya tambaya.

"Malam Ayuba Gadaka. Rumfarsa ce waccan mai jan ƙyaure. A can ka tsaya ka kwashi maganarsa, ko ba haka ba?"

Bai musa ba. Ya ce sau ɗaya ya ji shi yana ciniki, maganar ta ba shi sha'awa.

"Sha'awa," ta maimaita. "Yana jin Bolanci, da Ngizimanci, da Karekare, da Fulatanci, da Barbarci. Hausa ce ta ƙarshe da ta shiga bakinsa, shi ya sa take tuntuɓe. Kai wanne kake ji bayan wadda aka haife ka da ita?"

"Babu," ya ce.

"To, ka yi tunani a kai."

Ta juya ta tafi. Har ta hau Keke yana tsaye da rabin gemu a kowane hannu.

Abin da Abdulrahim bai sani ba, ita ta san shi sarai. Malam Ayuba ya yi shekaru yana dillancin hatsi, kuma kowa a kasuwar ya san cewa idan ya ce "magana ya kare," ciniki ya faɗa. Ko farashi ya tashi da yamma ba ya janyewa. Kalmarsa ce, da ita ya yi suna daga Gadaka har Fika. Tun da Baba Yakare ya fito, yara suka fara binsa da ita a hanya, kuma da yake a bakinsa ƙarewa da kare ba su da bambanci, suka haɗa da haushi. Sai ya daina faɗarta. Yanzu idan ciniki ya faɗa, kai kawai yake gyaɗawa.

Sa'adiya malamar Hausa ce a wata sakandare a unguwar Bolewa. Ita ma abin ya same ta a aji. Ta gama darasi ta ce magana ta ƙare, wani daga kujerar baya ya gyara mata, "Ya kare, Malama."

Bayan mako guda ta shiga ofishin shugabar makarantar ta tarar da Abdulrahim zaune, babu gemu. Ya zo ne ya ba da kansa kyauta, zai horar da ɗalibai wasan kwaikwayo da rawa don bikin rabon kyaututtuka. Shugabar ta yi murna. Mai kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo kuwa Sa'adiya ce.

"Da gangan ka yi," ta ce masa a baranda.

"Da gangan na yi," ya ce. "Ban san wata hanyar ba ki haƙuri ba."

Ta sa masa sharaɗi guda, cewa Baba Yakare ba zai taka ƙofar makarantar ba. Ya amince.

A filin makaranta ta fara ganin wani mutum dabam. Ba ya wasa da aiki. Yana iya maimaita taku ɗaya da yaro har sai ƙafar yaron ta gane. Wata yarinya mai in'ina da kowa yake tsallakewa, shi ya ba ta jagorancin rawa, ya ce jiki ba ya in'ina. Idan ya nuna musu juyi, ƙura kaɗan ce take tashi, kamar ƙasar ba ta ji nauyinsa ba.

Wata rana bayan atisaye ta tambaye shi me ya kai gwanin rawa ga gemun auduga.

"A Kano na yi ta bin daraktoci," ya ce. "Duk wanda ya gan ni sai ya ce ga ɗan rawa. In waƙa ta zo a kira ni, in tsara wa jarumi taku, in tsaya a bayansa. In magana ta zo a ce in matsa. Ranar da na sa gemun nan aka fara barina in buɗe baki."

"Da bakin wani."

"Da bakin wani," ya amsa.

Da yammacin ranar saƙonsa na farko ya shigo wayarta.

"Malamata, na yi tunanin da kika ce in yi. Amsar ba ta yi mini daɗi ba. Za ki koya mini Bolanci?"

Ta daɗe tana kallon saƙon kafin ta rubuta, "Bakano, bakinka zai karye."

"In ya karye a hannunki, ba komai."

Haka aka fara. Takan aika masa da kalma a saƙon murya, shi kuma ya maido da ita a karkace. Takan saurara a ɗakinta ta toshe baki da filo. Ba ta lura da ranar da ta daina share saƙonnin ba. Ranar bikin makaranta, bayan iyaye sun gama tafi, ya miƙa mata wata leda. Gemun ne a ciki, gida biyu.

"Ki ajiye," ya ce. "Wani furodusa a Kano yana so a yi wa Baba Yakare shiri mai dogon zango. Jiya na ce masa tsohon ya yi ritaya."

"Ka san abin da ka ajiye kuwa?"

"Na sani. Na kuma san abin da nake nema."

Ta karɓi ledar da hannu biyu.

Mahaifiyarta, Inna Yakaka, ita ta kai maganar neman auren gaban Malam Ayuba. Ya sa aka kira Sa'adiya. Da Bolanci ya yi magana, kuma a Bolanci harshensa ba ya tuntuɓe.

"Ban ƙi shi don yana rawa ba," ya ce. "Ni ma na yi rawa a Gadaka ina saurayi, kuma babu wanda ya fi ni. Ban ƙi shi don Bakano ne ba. Yaron nan ya shiga bakina ya ɗauki abin da nake rufe ciniki da shi, ya raba wa yara. Yanzu ya zo neman 'yata. Da wane baki zan ba shi? In na ce na ba shi, dariya za a yi."

"Baba, ya daina."

"Shi ya daina. Yaran sun daina?"

Ta tashi ta koma ɗakinta.

Akwai kuma Mahdi, ɗan wani abokin cinikin Malam Ayuba, wanda ya daɗe yana zuwa gaisuwa da kankana a bayan mota. Mutum ne mai kirki a fuska, kuma Sa'adiya yake so, amma bai taɓa ce mata komai kai tsaye ba. Shi ne ya zo wata la'asar, ya durƙusa a zaure, ya miƙa wa Malam Ayuba wayarsa. Sabon bidiyon Baba Yakare ne, an saka shi a wani shafi a safiyar ranar. Ga gemu, ga sanda, ga haushin yara.

Malam Ayuba bai kalla har ƙarshe ba. Ya aika wa Sa'adiya da wayar cikin gida.

Ta kalla, ta mayar. Ta rubuta wa Abdulrahim layi ɗaya: "Ashe gemu biyu gare ka." Ta kashe wayarta.

Kwanaki ta yi ba ta kunna ba. Tana zuwa makaranta, tana dawowa, tana gyara littattafan ɗalibai da jan biro fiye da yadda suka cancanta. Inna Yakaka ce ta gaji, ta ce mata, "Ko alƙali yana jin ta bakin wanda ake ƙara. Kunna abin nan."

Saƙo ɗaya kawai ta tarar.

"Malamata, ba zan rantse ba, ki duba da idonki. A bayana akwai darbejiyar bakin kasuwa. Tun kafin azumi aka sare ta. Tsohuwar ɗauka ce, wani ya sake sakawa. Gemuna ɗaya ne, yana wurinki. Amma laifin nawa ne duk da haka, domin abin da na saki ba ya dawowa da kansa. Ki ba ni lokaci."

Ta nemo bidiyon. Darbejiyar tana nan tsaye da ganyenta. Ta buɗe akwati ta duba ledar, gemun yana nan gida biyu. Ta zauna a bakin gado, kunya da sauƙi suka taru mata wuri ɗaya.

"Na zarge ka," ta rubuta. "Ka yafe mini, Bakano."

"Na yafe, Zinariya. Yanzu ki koya mini yadda ake ciniki."

Wannan lokacin bai zo masa da sauƙi ba. Mabiyansa sun ragu, masu gayyatarsa biki suna cewa in babu Baba Yakare a bar shi. Ya koma tsara wa mawaƙa rawa, yana tsayawa a baya kamar da. Amma a tsakanin haka ya fito da sabon mutum, Alhaji Bakano, ɗan kasuwar da ya sauka Potiskum yana gyara wa kowa Hausa, har ranar da ya buɗe baki zai yi Bolanci. A fitowa ta farko ya so ya gaida mai gida, sai ya gaida akuyarsa. A ta biyu ya je neman ragi da Ngizimanci, ya ƙare da ƙara wa kansa farashi.

Garin ya karɓe shi. Ba a saba ganin ana dariyar mai Hausa tsantsa ba. Tsofaffin da ba su taɓa kallon bidiyo ba suka fara cewa jikoki su kunna musu, suna gyara masa kalmomi daga kan tabarma. A makaranta ɗalibai suka koma gasar wanda ya fi iya yaren gidansu. Abdulrahim ya gaya mata cewa mahaifinsa ya tsare shi a shago ya ce, "Yanzu kuma ni ka koma?" Shi kuwa ya ce, "A'a, Abba, kaina nake kwaikwayo." Mahaifin ya ce, "To hular tawa ce, ka dawo da ita."

Malam Ayuba bai nuna ya san da Alhaji Bakano ba. Inna Yakaka dai ta ce ta ji shi yana tari a zaure, irin tarin da ake ɓoye dariya da shi.

Wata Asabar Sa'adiya ta kai masa abinci kasuwa. Tana jera kwanuka sai ta ga Abdulrahim ya nufo rumfar. Babu mai ɗauka, babu kayan wasa, farar shadda ce a jikinsa. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwa da Bolanci.

Dillalan maƙwabta suka matso. Abdulrahim ya ce gero yake so na gidansu, ya shiga tayi da Bolanci. Tun a jimla ta biyu ya ja kalmar da ya kamata ya gajarta, maganar ta koma wani abu dabam. Rumfar ta fashe da dariya. Wani dattijo har ya riƙe ciki. Gumi ya keto wa Abdulrahim, kuma Sa'adiya ta ga cewa wannan ba wasa ba ne, iyakar ƙoƙarinsa ke nan. Bai tashi ba, bai koma Hausa ba. Ya sake farawa, aka sake dariya.

Malam Ayuba ya ɗaga hannu. Aka yi shiru.

"Ba haka ba," ya ce. Ya faɗi kalmar a hankali. "Sake."

Abdulrahim ya sake.

"Sake."

Ya sake. A karo na gaba ta fito daidai.

Malam Ayuba ya dube shi, ya koma Hausa. "Akwai zafi?"

"Akwai, Baba."

"Haka nake ji kullum in na bude baki da yaren ubanka. Amma ina budewa." Ya nuna buhun. "Dauka. Ka ce wa manyanka su zo."

Ciniki ya faɗa, amma kai kawai ya gyaɗa. Sa'adiya ta lura. Abdulrahim ma ya lura.

Da yamma ya rubuto mata, "Ya ba ni ke, amma bai karɓi kalmarsa ba."

Ta amsa, "Ba kai za ka sa masa a baki ba. Ka bar shi."

Bayan babbar salla aka sa ranar. Mahdi ya aiko da kankana, bai zo ba. Ranar Asabar da safe ƙofar gidan Malam Ayuba ta cika. Ga mutanen Gadaka da motocinsu, ga dillalan kasuwa, ga Kanawan Dogo Nini, ga 'yan fim da suka taso daga Kano, cikinsu har da furodusan nan, wanda yanzu Alhaji Bakano yake nema, kuma ya yarda Abdulrahim ya fito a matsayin jarumi, ya yi maganarsa, ya taka rawarsa a gaba.

Sa'adiya tana cikin gida tsakiyar ƙawaye, hannuwanta sun sha lalle. Ta lasifika take jin komai. Ta ji wakilin ango ya nema, ta ji ƙanin mahaifinta ya bayar, ta ji an shaida. Liman yana shirin fara addu'a sai aka ji motsi a lasifikar, kamar wani ya karɓe ta.

Muryar Malam Ayuba ce, da Hausa.

"Jama'a, yarinyar nan 'yata ne. Yaron nan ya dauki abu nawa, kun sani. Ya zo ya durkusa, kun gani. Na ba shi Sa'adiya."

Aka ji ƙarar sanda a ƙasa.

"Magana ya kare."

A cikin gida babu wadda ta motsa. Sa'adiya ta riƙe numfashi tana jiran abin da ta saba ji a bayan kalmar nan. Bai zo ba. Babu yaron da ya yi haushi, babu wanda ya yi dariya. Wani tsohon dillali ne ya fara cewa, "Ya kare, Malam Ayuba." Daga nan taron ya ɗauka da kabbara, liman ya shiga addu'a, Inna Yakaka ta rangaɗa guɗa tana share ido da gefen mayafi.

Wayar Sa'adiya ta yi ƙara a cinyarta.

"Kin ji, matata?"

"Na ji, mijina. A aji kuskure ne. A nan daidai ne."

Da rana aka shigo da ango gaida iyaye mata. Ya durƙusa gaban Inna Yakaka da gwaggonnin Gadaka, ya gaishe su da Bolanci, ya yi kuskure ɗaya, suka gyara masa baki ɗaya. Malam Ayuba ya leƙo daga zaure ya ce a matsa masa fili, yana so ya ga rawar da ake ta faɗa. Abdulrahim ya yi taku kaɗan cikin ladabi. Tsohon ya girgiza kai, ya miƙa wa Sa'adiya sandarsa, ya tattare babbar riga, ya nuna masa yadda ake yi a Gadaka.

Sai da ya gama ya dafa kawunansu su biyu, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su 'ya'yan da za su ji yaren uwa da na uba, kada su ji kunyar ko ɗaya. Gidan ya amsa da amin.